Ƙaiƙayin Hunturu: A Shafa Mai Tun Jiki da Danshi

   

Masu sauraro, yau a kan fata za mu tattauna, da ƙaiƙayin da ke addabar ta a lokacin hunturu.

Kowa ya san yadda abin yake farawa. Daga watan Nuwamba iska take juyawa. Ta taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ta zo ta lulluɓe Maiduguri da Damagaram da Kano da Katsina da Sakkwato, har ta gangara bakin teku. Ba ta sakinmu sai wajen Fabrairu ko Maris. Iska ce mai ƙishirwa. A tsakiyar hunturu, danshin da ke cikinta da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Duk inda ta sami ruwa sai ta zuƙe shi. Ta zuƙe na leɓe. Ta zuƙe na hanci, har yara su yi ta haɓo. Ta zuƙe na fata.

Ku dubi ƙwaurin yaron da ya fito da safe ba a shafa masa mai ba. Ya yi furu-furu. In aka ja farce a kai sai farin layi ya fito, har yara kan rubuta sunansu a ƙafa. In ka matsa kusa, za ka ga fatar ta tsattsage ƙanana-ƙanana, gefen kowace tsaga ya ɗan ɗago. Da rana wasa ya ɗauke masa hankali. Amma da dare, da ya shiga bargo jiki ya ɗumama, sai susa ta tashi. Shi bai yi barci ba, uwarsa ma ba ta yi ba.

To, ko da za a ɗauke wuta ko batir ya mutu kafin in gama, ga abin da nake so ku riƙe. A shafa mai tun jiki da danshi. Kada a bari jiki ya bushe ƙayau sannan a nemi mai. Bari in faɗa muku dalili.

Fatar nan ta sama, wadda ido ke gani, gini ce irin na katangar ƙasa. Akwai tubala, akwai kuma lakar da ta haɗa su. Tubalan su ne ƙwayoyin fata da ke jere. Lakar kuwa wani maiƙo ne da jiki ke yi da kansa. Muddin lakar tana nan, ruwan jiki yana ciki, ƙura da ƙwayoyin cuta suna waje. In ta zube, katanga ta tsage ke nan. Ruwa ya fice, ƙura da sabulu da gumi su shiga, su taɓo jijiyoyin da ke ƙasa. Wannan taɓin shi ne ƙaiƙayin da muke ji.

Sai hannu ya kai ga susa. Susa da daɗi, babu mai musu. Sai dai daɗin na ɗan lokaci ne. Farce yana ƙara yage wurin, jiki kuma ya saki sinadaran da ke ƙara ƙaiƙayin. Ka sosa, ya ƙaru, ka sake sosawa. Bayan 'yan makonni wurin ya yi kauri, ya yi baƙi, wani lokaci ya zama miki.

Yanzu ina aikin mai a nan? Mai ba ya shayar da fata ruwa. Aikinsa ya rufe ta, ya tsare ruwan da ya tarar a ciki. Shi ya sa lokacin shafawa ya fi tsadar man muhimmanci. Da yawanmu mukan yi wanka da sassafe, mu fito mu zauna a hantsi, mu sha koko, mu yi hira. Kafin a ɗauko kwalbar mai, iska ta riga ta kwashe ruwan wankan, ta haɗa da na jiki. Sai a shafa, jiki ya yi ƙyalli a ido, amma a ƙarƙashi a bushe yake. Kafin azahar ƙaiƙayi ya dawo, sai mutum ya ce man ne ba shi da kyau. Likitocin fata suna ba da shawarar a shafa cikin minti uku da fitowa daga wanka. Saboda haka a shiga banɗaki da man, ko a ajiye shi a bakin ƙofa. A tsane jiki da tawul a hankali, dannawa ake yi, ba gogewa ba. A bar ɗan laima. Sannan a shafa.

Tunda mun ambaci wanka, bari mu tsaya a kansa, domin a nan ne ɓarnar ta fi yawa.

Na san daɗin ruwan zafi da asubahin hunturu. Amma ruwa mai zafi sosai yana narkar da maiƙon nan na fata, ya tafi da shi. Shi ya sa wasu suna fitowa daga wanka sai ƙaiƙayi ya taso musu gadan-gadan. A surka ruwa ya zama mai ɗumi. A gwada da gwiwar hannu. In ta ji zafi, a ƙara na sanyi. Kada kuma a daɗe. Minti biyar zuwa goma ya isa, sau ɗaya a rana ya wadatar wa mafi yawan mutane a wannan lokaci.

Sai soso. Mun tashi da cewa wanka bai cika ba sai an dirji jiki. Mutum ya ga fari-fari a ƙwauri, ya ɗauka dauɗa ce, ya sa ƙarfi. Ba dauɗa ba ce, jama'a. Fata ce ta bushe take ɓarewa, dirza kuma ƙara mata ciwo take yi. A hutar da soso mai kaushi har zafi ya shigo. Tafin hannu ko tsumma mai laushi ya isa.

Sabulu ma a rage. A sa shi inda gumi ke taruwa: hammata, matsematsi, tafin ƙafa da hannuwa. Ƙwauri da damtse da baya ba sa bukatar kumfa kullum. Sabulun wanki na kaya ne, ba na jiki ba. Sabulai masu magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗigawa a bokiti, su ma busar da fata suke yi. Kuma bari in faɗi wata gaskiya game da sabulun salo. Namu ne, muna alfahari da shi. Amma da toka ake haɗa shi, wani kuma yakan zo da kaifi. In ka yi wanka da shi ka ji jiki ya ɗaure ko yana raɗaɗi, to ya yi maka ƙarfi a wannan yanayi. Ka rage, ko ka nemi wanda aka wadata da man kaɗanya.

Kada dai wani ya ji wannan ya ce an yafe wanka sai bazara. Ƙurar da ta kwanta a jiki ta haɗu da gumi, ita ma ƙaiƙayi take sawa. A yi wanka. A gajarta shi, a sassauta shi.

Ina da roƙo ga iyayenmu masu kula da mai jego. Mun san ƙauna ce take sa ku tashi da asuba ku hura wuta. Allah Ya saka da alheri. Amma ruwan da ke ƙona fata ba ya ƙara wa mai jego lafiya. A surka mata. Jariri kuwa fatarsa ta fi ta babba siranta, ta fi saurin bushewa. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, a naɗe shi, a shafa masa mai nan take.

To, mu zo kan man kansa. Wane mai za a shafa?

Ni dai man kaɗanya nake sawa a gaba, wanda wasu ke kira man kaɗe. Itacen kaɗanya namu ne. Yana fitowa a dazuzzukan yankin nan tun daga Senegal har Sudan ta Kudu da Yuganda, Najeriya kuma tana sahun gaba a duniya wajen yawan 'ya'yansa, musamman a jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Da farkon damina mata ke fita tsinto 'ya'yan. Su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa. Sannan su zauna su yi ta bugun ƙullin da hannu suna ƙara ruwa, har man ya taso sama. Aiki ne mai cin ƙarfi. Wannan man da ake sayarwa a ƙwarya a kasuwar ƙauye, shi ne kamfanonin Turai ke saye su zuba a mayukan da ake kawo mana da tsada, suna rubuta sunansa a jikin kwalba don su ja mai saye. Abin yana damuna in na ga an raina shi a gida, ana cewa man ƙauye ne.

Kaurinsa shi ne amfaninsa. Yana zama a kan fata, ba ya saurin bin iska. A hunturu yakan daskare ya yi tauri, kada wannan ya hana ku. Ku yanko ɗan kaɗan, ku sa a tafin hannu, ku haɗa hannu biyu ku murza. Ɗumin jiki kawai yake jira. Za ku ji yana sakewa, daga gari-gari ya koma santsi, har ya zama mai. Sai a bi ƙwauri da gwiwa da gwiwar hannu da baya, a shafa a hankali har ya shige. Masu ƙorafin wari, ku narka shi ta hanyar sa kwanonsa cikin ruwan ɗumi, ku haɗa da man kwakwa kaɗan. Warin zai ragu, ya kuma yi laushin shafawa. Kada dai a zuba masa turare. Turare a kan tsagaggiyar fata raɗaɗi ne da ƙarin ƙaiƙayi. 'Yan uwa mata, humra da turare a sa su a tufafi har fata ta warke.

Man kwakwa shi kaɗai ma yana aiki. A ƙasar Filifin an gwada shi a shekarar 2004 a kan masu bushewar fata, aka ga ya yi daidai da man da likitoci suka saba bayarwa. Alayyadi ma iyayenmu sun daɗe suna shafa shi. Basilin kuwa, ko da yake ba daga itace ya fito ba, yana cikin waɗanda suka fi iya tsare ruwa a fata, ga shi da araha. A nemi fari, marar ƙamshi.

Man zaitun fa? Mai ne mai daraja a wurinmu, kuma abinci ne mai kyau. Wanda fatarsa ke lafiya ya saba da shi, babu laifi. Sai dai a shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun gano cewa shafa shi kullum na iya raunana fatar sama, ya sa ta yi ja. Don haka ga jariri, da mai kirci, da wanda fatarsa ta riga ta tsage, man kaɗanya ko basilin ya fi dacewa.

Kowanne dai aka zaɓa, sharaɗin bai canja ba. A shafa tun jiki da danshi. A kuma maimaita kafin kwanciya. In ba a yi wanka da dare ba, a jiƙa hannu a shafi wurin tukuna, sannan a bi da mai.

Ga kuma wata dama da muke da ita sau biyar a rana. Alwala. Hannu da fuska da ƙafa suna jiƙewa, mu fito iska ta busar da su, daga nan faso yake samun ƙofa. Amma wannan jiƙewar ita ce daidai lokacin shafa mai. A sami ɗan ƙaramin gwangwani a aljihu ko kusa da buta. An idar da alwala, a ɗan shafa a bayan hannu da dunduniya. Haka ma masu aikin ruwa: iyayenmu mata da wanke-wanke, masu wanki da guga, 'yan garuwa, masu wankin mota, da magina da siminti ke cin hannunsu. Duk lokacin da aka tsame hannu daga ruwa, a ɗauraye kumfar tas, a shafa mai. Mai halin sayen safar hannu ta roba ya saya.

Kaushi da faso kuwa, da dare ake maganinsu. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na ɗan lokaci. A goge da dutse a hankali, kada a kai ga jini, kada kuma a sa reza. A cika tsagar da man kaɗanya ko basilin, a sa safa a kwana da ita. Leɓe kuma a daina lasa. Yawu yana bushewa ya bar shi ya fi da tsagewa. Mai za a sa.

Yanzu, idan ƙaiƙayin ya taso cikin dare, me za a yi maimakon susa? A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a matse, a ɗora a wurin na 'yan mintuna. Sanyi yana kwantar da jijiyoyin. A ɗauke, a shafa mai. In hannu ya matsu, a danna wurin da tafi ko a ɗan bubbuga. A yanke wa yara farce, domin su cikin barci suke yi wa kansu rauni.

Tufafi ma suna da hannu a ciki. Rigar sanyi ta ulu tana cizon fata, don haka a sa ta auduga a ciki, sannan a ɗora ta. Kayan sanyin da aka sayo a gwanjo a wanke su kafin a sa. A ɗauraye wanki da kyau, kada garin sabulu ya maƙale a zare. A ɗaki kuma, a yayyafa ruwa kafin shara, a rataya jiƙaƙƙen tawul ko a ajiye kwanon ruwa a gefe, iskar ɗakin ta ɗan yi laushi. Ruwan sha ma kada a manta da shi don ba a jin ƙishi, ko da yake shi kaɗai ba zai raba mutum da kaushi ba.

Sai jin ɗumi. Zama dab da wuta yana gasa ƙwauri, ya ƙara masa bushewa. A ɗan ja baya. Kuma don Allah, kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Wannan ya wuce maganar fata. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, ba a kuma jin warinta, tana kashe mutane cikin barci.

Bari kuma in ja kunne kan abubuwan da ake shafawa da sunan magani. Lemun tsami, toka, kanwa, dakakkiyar tafarnuwa, duk suna ƙona fatar da ta tsage. Kananzir da baƙin mai da man birki ba su da wuri a jikin ɗan Adam. Mayukan bilicin suna sirantar da fata, shi ya sa masu shafa su suka fi kowa shan wuya a hunturu. Haka ƙananan mayukan nan na haɗe-haɗe da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Suna kwantar da ƙaiƙayi yau, amma in an daɗe a kansu fata takan lalace, makero kuma ya ƙara yaɗuwa.

Wannan ya kawo mu ga magana mai nauyi. Ba kowane ƙaiƙayi ne na hunturu ba.

In ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ga ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, kuma mutum biyu ko uku a gida suna susa, a yi zargin ƙazuwa. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke shiga cikin fata. Tana yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe ana haɗa bargo, kamar makarantun kwana da na allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci tun shekarar 2017. Man kaɗanya ba ya kashe ta. Tana da magani a asibiti, kuma duk gidan ake yi wa a lokaci ɗaya, a wanke shimfiɗa da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana. Ba abin kunya ba ne.

In kuma jiki duka yana ƙaiƙayi babu ƙurji, ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ƙafa tana kumbura, ko mutum yana ramewa, to hanta ko ƙoda na iya zama sanadi. A tafi asibiti. Mai juna biyu da tafin hannu da tafin ƙafa ke mata ƙaiƙayi, musamman a watannin ƙarshe, ta faɗa a wurin awo ba tare da jinkiri ba, domin abin na iya shafar abin da ke cikinta. Mai ciwon suga kuma ya riƙa duba ƙafarsa kullum. Ƙaramin faso a wurinsa na iya zama gyambo. Duk wurin da ya kumbura, ya yi zafi, ko yake fitar da mugunya, ya wuce maganin gida. Haka in an yi mako biyu ana surka ruwa, ana shafa mai tun jiki da danshi, amma babu sauƙi. A je a ga likita.

Kafin in sallame ku, masu sauraro, ga wasu mutane da nake so ku tuna da su a daren yau. Tsofaffinmu. Da shekaru suka ja, maiƙon fata yakan ragu, don haka ƙaiƙayin ya fi cin su. Da yawansu hannu ba ya kai wa baya, sunkuyawa zuwa dunduniya kuma ta zama aiki, ga shi ba za su yi ƙorafi ba. Ɗa ko jika ya surka wa Baba ruwa. 'Ya ko suruka ta zauna ta shafa wa Inna mai a baya da ƙafa. Almajirin da ke zuwa ƙofar gidanku ma, in an zuba masa abinci, a duba ƙafarsa. A ɗan yanko masa man kaɗanya a leda, a ce masa ya shafa in ya yi alwala.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ga bayan wannan sanyi lafiya.